Gawon da Na Matsar

Ku matso, 'ya'yana da jikokina, yau zan ba ku labarin shekarar rijiya. Na san kun ji shi a bakin mutane, kowa da irin ƙarin da ya yi masa, kuma na san akwai cikinku waɗanda har gobe suke jin nauyin shiga gidan Kawunku Garba, ba su san dalili ba. Ni ban yi boko ba. Hannuna bai san alƙalami ba, burushi ya sani. Rabi ce take rubutawa, ni ina faɗa. Ta ce za ta mai da maganata Hausar littafi, na ce ta mayar, amma abin da aka faɗa a wancan lokaci, nawa da na mutane, ta bar shi yadda ya fito daga baki.

Kun tashi kun tarar ana kirana Kulu Mai Zane, kuna ganin kamar da shi aka haife ni. To, da sauran bayani. Tun ina budurwa a ƙauyenmu, can kusa da Lambara, ni ake kira in yi wa ɗakin amare ado da farar ƙasa da ja, kuma ba a taɓa kawo wata ta gyara inda na taɓa ba. Da aka kawo ni Boɗinga gidan babanku, Malam yana koyarwa a firamare. Wata rana ya dawo da wani ɗan akwatin gwangwani, kaloli a jere a ciki kamar alawa, wai an ce ya koya wa yara zane da su. Ya zauna a tsakar gida, ya jiƙa burushi, ya yi ta fama da takarda har gumi ya keto masa. Na leƙa ta bayansa.

"Malam, wanga mi na na? Icce ko tulu?"

"Mangwaro na," in ji shi, ransa a ɓace. "Ke da kin iya, ungo."

Na karɓa, kuma bai sake ganin akwatin nan a hannunsa ba. Shi ne dai, Allah ya jiƙansa, ya je ya tambayo malamai, suka ce in dai ba mai rai zan zana ba, ƙasa da itatuwa da ruwa babu laifi. Shi ya sa ba za ku taɓa ganin mutum ko akuya a zanena ba. Ba ni fita gona a lokacin, ina cikin gida, amma duk hanyar da na taɓa bi ina yarinya da ƙwaryar fura a ka tana nan cikin idona. In na rufe ido sai in ga fadamar Kajiji da hantsi, ko jan tudun da ke hanyar Dandin Mahe, in buɗe in sa a takarda. Malaman makaranta suka fara ɗauka, sai ma'aikatan asibiti, sai masu ofis. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki sai ya zo ya ce in zana masa garin da zai bari. Mutane suna cewa zanen Kulu ya fi hoto gaskiya, domin hoto baƙi da fari ne, nata kuwa har launin ƙasar yana nan. Ina jin wannan magana, kaina yana ƙara girma, ban taɓa cewa a rage ba.

Kalar ruwa tana da hali, kuma sai kun san halinta za ku gane abin da ya faru. Da haske ake farawa, a bi da duhu. Sama tukuna, sannan ƙasa mai nisa, sannan ta kusa. Inda ruwa zai yi ƙyalli ba a shafa komai, farar takardar ake bari. Abin da ya sauka kuwa ya sauka ke nan, ba a goge shi, ba a rufe shi da fari. Shuɗi ne yake fara ƙarewa a akwati, don sama ce take cinye shi, saboda haka tun da wuri na koyi aika wa marina a samo mini shuni, in niƙa shi da ƙaro. Daga baya da kaya suka yi wuya, ja ma daga karan dafin dukawa nake samu, rawaya daga gangamau, burushi kuma daga gashin wutsiyar akuya.

Shekarar da soja suka ba farar hula mulki, ƙasarmu tana ta murna don ɗan yankinmu ne ya hau, na ce zan yi wa Yaya Garba kyauta. Na zana masa lambun babanmu da rani, albasa ta yi kore shar. Ga yadda wurin yake, ku riƙe shi da kyau. Gonarmu tana gabas, ta Altine maƙwabcinmu tana yamma, iyakarsu wani tsohon gawo. Rijiyar da ake ban ruwa da ita tana bayan gawon, taku kaɗan cikin gonar su Altine. Kakansa ya haƙa ta, iyayenmu suna ɗiba tare, ba wanda ya taɓa cewa tawa ce.

Na gama sama, na gama fangalin albasa, na yi bakin rijiya da jigonta. Saura gawo. Na ciko burushi da shuni ke nan, ke Rabi kina goye a bayana, kika yi wani zillo. Rubuta, kada ki tsallake. Wani ƙaton ɗigo ya faɗi a takarda tana da danshi, yamma da rijiya, ya bazu. Takarda mai kauri daga Sakkwato ake kawo ta, ba ni da wata. Na dubi ɗigon nan, na ga ya yi kan itace sak. Sai na zuba masa rawaya ya koma kore mai duhu, na ja masa gindi da rassa. Gawo ya tsaya a inda ɗigo ya faɗi, rijiya ta shigo gonarmu. Ko a jikina. Na ce ai zane ne. Kuma in faɗa muku, ban taɓa yin itace mai kyan wannan ba, kafinsa da bayansa.

Yaya Garba ya sa aka yi masa gilashi, ya rataye a zaurensa. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa.

"Aikin ƙanwata na. Duba, har kunyoyin albasa ta ƙidaya. Kulu ba ta ƙari, ba ta ragi."

Sau nawa aka faɗi haka ina daga cikin gida ina ji? Ban taɓa ɗaga murya na ce, Yaya, gawon nan ba nan yake ba.

Shekara biyu bayan haka iska ta kayar da gawon. Aka sare shi, aka tone saiwar aka yi girki da ita. Sannan aka kawo tarakta, lokacin ana yayinta, ta bi gonakin biyu a haɗe ta shafe kunyar iyaka. Babu wanda ya damu, ruwa yana nan ya ishi kowa. Sai shekarar da aka sake zaɓe. Damina ta ɗauke gero bai cika ido ba, kafin rani ya yi nisa soja suka dawo. Sabulu da man girki sai an bi layi. Albashin Malam ya yi ta jinkiri har muka daina sa rai da ƙarshen wata. Abin da ya riƙe gidan nan a lokacin, ku sani, hatsin Kawunku ne. Duk ranar kasuwa sai ga jaki a ƙofa da ɗan abin da ya samu, bai taɓa aiko da magana a kai ba.

Rijiya ta ja baya. Da asuba a ɗebi abin da zai shayar da lambu ɗaya, sai a jira gobe. Lambu kuwa biyu ne. Yaya da Altine, waɗanda suka yi kaciya rana ɗaya, suka fara da gunaguni, suka kai ga ɗaga fartanya. Magana ta je gaban maigari. Aka nemi shaidu, sai aka tarar siyasa ta riga ta raba garin: Yaya yana wata jam'iyya, Altine yana wata, duk wanda ya buɗe baki an san inda zai faɗi tun bai gama sallama ba. Tsofaffin da ba a yi musu gardama sun rasu, wasu sun tafi cin rani. Nan ne wani ya tuna da zanen zaure. An yi shi tun gawo yana tsaye, tun ba a yi faɗa ba, kuma mai zanen mace ce, ba ta da jam'iyya. Har Altine ya yarda a kawo, don shi bai taɓa tsayawa ya dube shi da kyau ba. Da aka ajiye a gabansa ya gani, sai ya ce bai yarda da takarda ba sai an kira mai ita.

Ana gobe za a zauna, da la'asar, Yaya ya zo Boɗinga a kan keke. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Na kawo masa ruwa, na durƙusa na gaishe shi. Malam ya ba mu wuri.

"Gobe za a kira ki," ya ce. "Tambaya guda ta. Ki ce haka wurin yake."

"Yaya, akwai abin da ban taɓa hwaɗa maka ba. Gawon nan..."

"Na sani."

Na ɗaga kai na dube shi.

"Kulu, ƙarƙashin iccen nan ni girma. Awa ni ban san inda shike ba? Tun randa kinka kawo zanen nig gani. Na yi shiru don kar in ɓata miki rai."

"To, Yaya, in ka sani..."

"Albasa ta kusa. Sati huɗu nika biɗa, huɗu tak. Altine na da shanu, in lambunai ya ƙone shi sai da guda. Ni mi ni ka saisuwa? Baki goma sha ɗaya a gidana, ga Inna, ga ku." Ya ga ya faɗi abin da bai so faɗa ba. "Ban ce ki rantse ba. Ki ce i, ki taso."

Bayan ya tafi na tambayi Malam. Babanku mutum ne mai auna magana har ta gundure ka.

"Ni ba ni ce miki hwaɗi, ba ni ce miki yi shiru," ya ce. "Kin san rumbun da tuwonmu ka hitowa. Kin kuma san wanda za ki tsaya gabanai ranar da babu maigari."

"Wagga ai ba shawara ba ta, Malam."

"Ita ag gare ni."

Da safe muka hau motar kasuwa zuwa Shagari, daga nan muka ƙarasa a ƙafa. Na fara shiga wurin Inna, mahaifiyarmu, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinke zogale busasshe. Ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne.

"Inna, kin san inda gawon yake."

"Ni tsohuwa ta, ba a kira ni ba."

"In da an kira ki fa?"

Ta ci gaba da tsinkar ganyenta. Can ta ce, "Mai gidan ga ya kwana biyu bai yi barci ba. Shi ɗai nis sani."

Zan gaya muku gaskiya, har na isa zauren maigari ban san abin da zan ce ba. Kada wani ya ba ku labari cewa na shiga da ƙarfin zuciya kamar wata waliyyiya. Aka shimfiɗa mini tabarma daga gefe, na ja mayafi. Zanen yana jingine a bango, mutane sun cika har waje. Na saci kallonsa, na ga gawon nan nawa, kyakkyawa, ya baza rassa. Na ga Altine a tsugune, ya sa hula a gwiwa. Mutumin nan shi ya ɗauko ni a kafaɗa ranar da ƙaya ta shige mini ƙafa ina 'yar shekara shida, daga bakin rijiyar nan har gida.

"Malama Kulu," in ji maigari, "ke kinka yi wanga zane?"

"Ni niy yi shi, ranka shi daɗe."

"An ce hannunki ba shi ƙari, ba shi ragi. Haka wurin yake sadda iccen na tsaye?"

Da ya ce mini rijiyar ta wa ce, wataƙila da na ce ni mace ce, ban san iyakar gona ba, in tsira. Amma a kan aikina ya tambaye ni. Aikin hannuna aka jingina a bango za a ƙwace wa mutum ruwa da shi. Na ji bakina ya buɗe.

"Ranka shi daɗe, komi na wurin haka yake, ban da iccen. Shuni yaɗ ɗiga mini nan, ba ni da wata takarda, sai nim mai da shi gawo. Gawon gaskiya gabas da rijiya yake."

Zaure ya ɓarke. Wani daga baya ya ce, "Ashe ɗigo munka zauna muna shari'a a kai!" Aka yi dariya. Ni aka yi wa, kuma na ji ta har cikin ƙashina. Yaya bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Ya tashi, ya ɗauki zanensa ya sa a hammata, ya nemi izini ya fita. Bai dube ni ba.

Maigari ya ba Altine rijiya, ya roƙe shi ya bar wa maƙwabcinsa kwana biyu a mako. Altine ya yarda a take. Yaya ne ya ƙi. Ya ce ba zai sha ruwan sadaka a inda aka kunyata shi ba. Cikin kwana goma albasa ta kwanta. Kafin azumi ya bi motar goro zuwa Kurmi, kuma aikin da ya samu a can, na ji daga baya, ga-ruwa ne, yana ɗaukar garwa biyu a kafaɗa yana bin gidajen mutane. Mutumin da yake da lambun kansa. Ya yi shekara bakwai yana zuwa yana komawa, kafaɗarsa ta dama ta sauka, ba ta sake daidaita ba. 'Ya'yansa biyu manya aka cire su daga makaranta suka kama noma. Su ne waɗanda kuke gani ba su sakar muku fuska a wurin biki. Suna da dalili.

Mu ma mun ɗanɗana. Jaki ya daina zuwa. Mun ci tuwon dusa a gidan nan, babanku yana malamin makaranta, na sai da tasoshin aurena ɗaya bayan ɗaya. Na aika wa Yaya cewa na bar masa rabona na gonar har abada, ya aiko cewa ya ji. A gari kuwa, in mutum ya yi ƙarya sai a ce, "Wanga gawon Kulu na." Na yi kusan shekara ban taɓa burushi ba. Wata ma'aikaciyar asibiti ce, 'yar Yabo, da za a mai da ita gida, ta zo ta nace sai na zana mata fadamar da take gani daga tagar ɗakin haihuwa. Na ce mata ba ta ji abin da ake faɗa a kaina ba? Ta ce ta ji, ita ba shari'a za ta kai ba. Na koma aiki. Daga ranar, duk wanda na miƙa wa zane sai na gaya masa abin da na matsar da abin da na rage, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Na yi shekara arba'in ina yi bayan wannan. An kai zanena Sakkwato an rataye a babban ɗaki, manya sun zo sun gani, kun je kun gani da idonku. Yanzu hannu yana rawa, sama kawai nake iya yi da kyau, don ita ba ta son a matsa mata.

Mutane suna cewa na sai da ɗan'uwana don a ce ni mai gaskiya ce. Wasu kuma, masu son faranta mini, suna cewa na yi jihadi. Duka biyun ba su san ni ba. Abin da na faɗa a zauren maigari, in aka sake tambayata gobe, shi zan faɗa. Laifina yana baya da nan. Shekara huɗu zanen nan yana rataye ana yabona da abin da ba haka ba, kalma ɗaya ta isa ta gyara, a lokacin da ruwa yake da yawa kuma kowa zai yi dariya a wuce. Na ƙi faɗa don daɗin yabo. Da na faɗa tun sannan, da babu wanda zai ɗauki takardar nan ya kai gaban maigari, da Yaya bai jingina bakin mutum goma sha ɗaya a kanta ba. Shi ya yi shiru don kada ya ɓata mini rai, ni na yi shiru don kada in rage wa kaina girma. Ku auna ku gani wa ya fi wani. Saboda haka in kun haɗu da 'ya'yansa, ku ne za ku fara gaisuwa, ko sun amsa ko ba su amsa ba, kuma kada in ji wani cikinku ya ce mu ne masu gaskiya.

Magana ta ƙarshe tsakanina da shi, ranar sadakar bakwai ta Inna ce. Ya riga ya dawo daga Kurmi gaba ɗaya, yana zaune a zaurensa bayan mutane sun ragu. Na tsaya a bakin ƙofa, shekara tara ke nan ban taka wurin ba. Zanen yana nan a inda yake, gilashin ya tsage ta gefe. Na durƙusa.

"Yaya, ina wuni. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya ga Allah."

Na jira. Ya daɗe yana jan tasbaha. Har na yunƙura zan tashi.

"Har yanzu kina zanen?"

"Ina yi, Yaya."

Ya gyaɗa kai, idonsa a ƙasa.

"To, ki riƙa lura da hannunki."

Ya yi shekara shida bayan nan, muna gaisawa a wurin suna da jana'iza, iyakarta ke nan. Na juya maganar nan a raina fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Wata rana in ji ta kamar faɗa, wata rana in ji ta kamar yadda yake ce mini in lura da ƙaya sa'ad da muke yara a hanyar gona. Ban tambaye shi ba yana da rai, don ina tsoron amsar. Rabi, ajiye alƙalamin haka nan, ki ba ni ruwa.